Jere Ya Yi Kyau, Amma Ɗakin Yana Zaunuwa?



Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ga takardun ɗaurin aure nan suna ta shigo mana gidan rediyo. Wata rana kafin mu gama karanta gayyata lokacin shirin ya ƙare. Kowace takarda muka ɗauka, mun san akwai wani ɗaki a wata unguwa da ake ta bugun ƙusa cikinsa, ƴan jere sun ci ɗamara, uwar ɗiya tana gefe tana lissafi a zuci. Maganar wannan ɗakin muke son mu yi yau, ɗakin da yarinya za ta zauna cikinsa bayan makaɗa sun naɗe kayansu, ƙawaye sun watse.

Aikinmu yana shigar da mu gidajen mutane da yawa. Yau ɗaukar magana, gobe suna, jibi gaisuwa. Abin da muke yawan gani shi ne ɗaki ya yi kyau, in ka ɗauke shi hoto da salula sai ka ce otal ne, amma mai ɗakin tana waje bisa tabarma. Gado ya cinye rabin wuri. Almuwar mai ƙofa shida ta toshe taga ɗaya tilo da ɗakin yake da ita. Kujerun salon sun haɗe kai da kai, sai an karkace ake wucewa. In lokacin salla ya yi, sai an ja tebur kafin a samu inda za a shimfiɗa sallaya. In kuwa watan huɗu ne, da ƙarfe biyu na rana, to ko kaza ba ta son shiga.

Kwanakin baya mun karɓi wata baiwar Allah a shirinmu na mata, sana'arta ke nan tsara ɗakuna da adon gida, irin waɗanda yanzu ake ce ma dekoratiris. Mun zaci za ta cika mu da sunayen launuka da na yadudduka. Sai ta ce ita in aka kira ta gida, ba ta fara fiddo ma'auni sai ta yi tambaya uku: su wa za su kwana a ɗakin nan, ta ina rana take bugunsa da la'asar, kuma wa zai riƙa share shi? Ta ce amsar waɗannan ita ke gaya mata girman gadon da za a sa, da bangon da ba za a jingina ma komai ba, da abin da za a shimfiɗa ƙasa. Maganar launi, in ji ta, ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mai sauƙi. Ta ƙara da cewa aikin da ya fi ba ta wuya shi ne ta shawo kan uwar amarya a rage kaya, don sau da yawa abin da ɗakin yake bukata fili ne, su kuma fili ne ba su son a gani.

Bayan shirin waya ta yi ta shigowa. Wasu mata suka ce gaskiya ta faɗa. Wasu suka ce ai sai wadda ba ta aurar da ɗiya ba take wannan magana, don ba ta san bakin dangin miji ba. Duka biyun suna da gaskiyarsu, shi ya sa maganar ta cancanci a zauna a duba ta.

Mu fara da jeren kansa, don ba yau aka fara ba. Kakanninmu mata da ƙorai suka yi jere, farare tas, an sassaƙe su, an ɗora su bisa juna cikin ragaya, ga faifai mai launi an rufe. Daga baya tasoshi suka shigo, sannan kwanonin fenti: langa, samira, kwalla, fanteka, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Mu da muke cikin shekaru talatin da wani abu mun iske wannan a ɗakunan iyayenmu, kafin bufe mai gilashi ya zo ya kwashe su ya kulle. Wanda bai sani ba sai ya ce son a gani ne kawai. Alhali jeren nan asusu ne. Kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba, ko aure ya mutu da abinta take tafiya. In shekara ta yi wuya, ko yaro ya kwanta ciwo, ta sauke kwalla biyu ta ba dillaliya, ta samu na magani. In ɗiyarta ta isa aure, ta ɗebi wasu ta ƙara mata. Tasa ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta. Abin da ido yake gani a bango, dukiya ce da za ta iya komawa kuɗi ranar da aka matsu.

To yanzu fa? Mafi yawan gadaje da almuwar da ake sayowa, masu ƙyalli kamar madubi, ba katako ba ne na gaske. Garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Ruwa ya taɓa ƙafarsa sau ɗaya, ya kumbura. A kwance shi a sake ɗaurawa sau biyu, ƙusa ta daina kamawa, kuma kun san mai haya bai rabuwa da tashi. Ranar da aka fito da shi za a sayar, ko rabin kuɗinsa ba a tayawa. Ga shi kuwa don a saye shi an ci adashi tun kafin kwasa ta zo, an sayar da tumakin da aka yi shekara ana kiwo, wata har gonar gado ta jinginar. A nan jihar Maradi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, don mace ta tara kaɗan-kaɗan ta samu jari. Abin tausayi ne a ce tarin shekara biyu ya tafi ga kayan da ba za su kai yayen ɗan fari ba. Ɗaki ya cika, amma yarinya ba ta da abin da za ta sauke ta sayar ranar da ta shiga wani hali.

Sai maganar fasalin gidan. Mu da muka yi lakkwal, gidan da muka koya a littafi daban yake da wanda muke komawa da tsakar rana. Mushe ya zana mana gida a allo: ga salon, ga ɗakin cin abinci, ga ɗakin kwana, ga kicin cikin gida. Gida ne na ƙasar sanyi, inda rayuwa duk a ciki take, ana gudun waje. Gidanmu kuwa zuciyarsa tsakar gida ce. Nan ake daka, nan ake girki, nan ake kitso, nan yara suke rarrafe, nan ake shimfiɗa da dare in zafi ya yi. Yau in mutum ya samu fili zai yi bila, sai maso ya cinye filin duka da gini, a bar ɗan lungu da ko turmi bai samun wurin zama. A sayi tebur mai kujera shida na cin abinci, shekara ta zagayo ba a zauna kansa ba, don tuwo a ƙasa yake daɗi, hannu biyar cikin kwano ɗaya. Tebur ya koma wurin ajiye tarmos da takardun yara. Matar gida kuma tana can bayan gida da murhunta cikin rana, don ba a yi mata rumfa ba.

Zaure ma haka. A da baƙo namiji iyakarsa zaure: ya zauna bisa dakali, a kawo mashi ruwa, mai gida ya fito, mata suna ciki da sakewarsu. Da aka daina zaure, baƙo sai salon, salon kuwa a tsakiyar gida yake. Da an yi sallama sai ka ji guje-guje, wannan na neman hijabi, waccan na kwashe yara. Wasu gidajen sai aka kulle salon ɗin gaba ɗaya, aka lulluɓe kujeru da zane, ba a buɗewa sai da salla ko in manyan baƙi sun zo. Ɗaki mafi girma da mafi iska a gidan, shi ne wanda masu gidan ba su zama ciki.

Mu zo ga zafi, don a ƙasarmu duk adon da bai yi lissafi da rana ba, wahala ce. Watan huɗu da na biyar ma'auni yana wuce 40, kowa ya sani. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro a unguwar Birni ta Damagaram da tsakar rana ya san bambancin, kamar an zuba maka ruwa a jiki. Ba asiri ba ne. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ya iso ciki rana ta faɗi, mutane sun fito tsakar gida. Rufin azara da ƙasa shi ma haka yake yi, ga shi da tsawo, iska mai zafi ta hau sama ta bar mutane a ƙasa. Bulon siminti na 15 kuwa siriri ne, nan da nan zafi ya ratsa shi, kwano kuma in ya gasu sai ya riƙa sako wuta bisa kan mutum. Sai a ce ai akwai bantilatar, akwai kilim. Akwai, in akwai kuran, in kuma akwai kuɗin biyan takardar wata. Mun dai ga yadda aka yi a watan takwas na 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Masu bila da masu antire-kushe duk waje suka kwana.

Magina na da ba su raba kyau da amfani ba. Indararo yana jefa ruwa nesa da gindin bango. Alkuki a jikin bango yana riƙe fitila, ba sai an sa tebur ba. Bakan gizo yana ɗauke rufi mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, kuma shi ne abin da ido yake fara kallo in an shiga. Zanen da ake yi a fuskar gida, irin wanda har yau ake zuwa kallo a Birni da Zango, ana yin shi ne cikin yaɓen da ke kare bangon. Mata kuma su yi daɓe, su yayyafa makuba, ƙasa ta yi santsi ta yi sanyi, a shafe bango da farar ƙasa ɗaki ya yi haske.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja: gidan ƙasa faɗuwa yake. Daminar 2024 ba ta bar mu da abin musu ba. Gidaje sun zube a Maradi da sauran jihohi, an yi asarar rayuka, kuma a farkon watan tara tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe. Wanda ya kwana yana tare ruwa da bokiti ba za ka zo kana yi mashi waƙar tubali ba. Amma a duba gidajen da suka fi faɗuwa: waɗanda aka gina a hanyar ruwa, waɗanda ba su da tushe na dutse ko siminti, waɗanda aka shekara da shekaru ba a yi masu yaɓe ba, da waɗanda titi ya taso ya fi su tudu. Ginin ƙasa yana son abu biyu, tushe mai tsawo da ruwa bai kwanciya a gindinsa, da rufin da ke kai ruwa nesa. Yana kuma son a duba shi kowace shekara kafin hadari ya fara haɗuwa.

Kuma ba a tsaya inda kakanni suka tsaya ba. A garin Yama cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Tun shekarun 1980 ake koya ma magina a ƙasar nan rufin ƙubba da ba ya cin itace ko ɗaya. Ga kuma ɗiyar ƙasa, Mariam Issoufou, wadda a da ake kiran ma'aikatarta Masomi. Ita da abokan aikinta sun gina gidajen da ake kira Niamey 2000 da bulon ƙasa da inji ya matse, aka gama a 2016, gidaje masu bene da tsakar gida da inuwa. A Dandaji, nan ma jihar Tawa, sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi, aka gama a 2018. Hotunan waɗannan gine-gine sun zagaya duniya. Ƙasar da ake ce ma kayan talaka, ita ce wasu suke biyan jirgi su zo kallo.

To amma yawancinmu ba gini za mu yi ba. Haya muke, shambur-salon ko antire-kushe, mai gida bai yarda ka fasa mashi bango ba. Nan ne shawarwarin baƙuwar tamu suka fi amfani, kuma ba masu cin kuɗi ba ne. A auna ɗaki kafin a je kasuwa, ko da igiya ce, a tafi da ita. Kada a jingina komai a taga, in tagogi biyu ne masu kallon juna a bar iska ta ratsa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, kada a kai kan gado can, in da hali a yi mashi rumfar zana daga waje ko a dasa bedi. A zaɓi kaya masu ƙafa, waɗanda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinsu, don bayan almuwar da ba ta motsi nan ɓera da kunama suke gida. Moket da rido mai nauyi suna da kyau ranar farko, amma in hunturu ya busa ƙura suke sha, mai asma ya kwana tari. Tabarma ko leda ko ƙaramin tapi da za a fitar a kakkaɓe sun fi. Karo mai santsi a bakin wurin alwala ya karya tsofaffi da yawa. Tebur na gilashi mai kaifin baki kuma, a tuna nan da shekara guda akwai mai rarrafe.

Akwai guda ɗaya da ta faɗa wadda ta tsaya mana a rai. Ta ce kafin a yaba gado, a duba ina za a ɗaura sange. Gadajen yanzu kansu ya kai rabin bango, ga fitilu ga madubi, amma ba wurin maƙala igiya, amarya kuma ba ta son a buga ƙusa a ɓata mata fenti. Sai a ninke sangen da aka ba ta wajen awo a tura cikin almuwar. Damina ta zo, ga ciki ko ga jariri, masassara ta shigo. Ƙugiya huɗu a bango, in an sa su da tsari tun ranar jere, ba su rage ma ɗaki komai.

Wani zai ce to in an rage wannan an cire wancan, ina kyan yake? Kyau yana nan, kuma mun san shi tun muna yara. Tsakar gida da aka share da sassafe aka yayyafa ruwa, ƙanshin ƙasa ya tashi. Randa a inuwa da faifai a bakinta da moɗa mai tsabta. Zanin gado da aka ja ya miƙe. Turaren wuta da magariba. Bango fari da abu ɗaya mai kyau a jikinsa, wanda ido zai sauka kansa ya huta. Kuma abin sawa ba mu rasa ba: tabarmin Madawa, tukwanen Mirya, aikin fatar dukawan Damagaram, bargon saƙi, ƙwarya mai zane. Ku shiga ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai ku ga su wa ke saye. Baƙi ne suke kwasa su kai ƙasashensu su rataya a salon. Jika biyar ɗin da aka ba mai saƙar tabarma kuwa a garin take kwana, ta shiga cefanen wani gida.

Ba cewa muke a koma jeren ƙorai ba, ko a hana yarinya abin zamaninta. Mai hali ya yi ma ɗiyarsa abin da ransa yake so, Allah shi ƙara buɗi. Magana ita ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Wadda ta kira mu ta ce ba mu san bakin dangin miji ba, mun san shi, kuma nan ne gizo yake saƙa. Uwa ba don kanta take cin bashi ba. Tana tsoron ranar ganin ɗaki ne, ranar da za a shigo ana buɗe almuwar, ana ƙirga tukwane, a fita ana taɓe baki, gobe a yi ma ɗiyarta gori a gidan aure. In ana son abin ya sauka, daga wajen masu kallo zai fara. Iyayenmu mata, gwaggwanni da ƙannen ango, ku ne alƙalan jere. In kun shiga kun iske ɗaki da fili, da iska, da wurin salla, ku sa albarka da babbar murya kowa ya ji. Kai kuma ango, ɗakin nan kai ma ciki za ka kwana. Ka buɗe baki tun da wuri ka gaya ma surukai girman ɗakin da ka kama, ka gaya ma danginka ba ka aiko kowa ƙirga ba. Magana ɗaya daga bakinka tana iya sauke ma wata uwa bashin shekara biyu.

Ke kuma ƙanwarmu amarya, hoton da kika gani a TikTok ɗakin wata ne, a wani gari, da wata irin rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Ki tambayi kanki inda za ki zauna da azahar, inda za ki yi salla, inda yaro zai yi wasa, da abin da za ki iya sharewa ke kaɗai ranar da ba ki jin daɗi. In an rage kujera biyu aka saya maki tunkiya ko keken ɗinki ko ɗan zinari da kuɗin, ba a rage ki da komai ba, irin jeren kakarki ne aka yi maki.

Allah shi ba da zaman lafiya ga duk waɗanda za a ɗaura ma aure bana, shi rufa ma iyaye asiri, shi sa ɗakunan su zama wurin hutawa. Waɗanda ruwa ya rushe ma gidaje, Allah shi mayar masu da mafi alheri. Mu kwana nan, sai mun ji daga gare ku.